Nauyin ƙirji lokacin tafiya: olsa ce ko zuciya?

Abu Khalil:
Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, kuma ya daɗe yana fama da hawan jini. Wata biyu ke nan, duk lokacin da ya yi sauri zuwa masallaci ko ya hau bene, sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun gero. Idan ya zauna na 'yan mintoci, sai abin ya lafa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce olsa ce, ya ba shi maganin ruwa, amma shiru. Ko zuciya ce?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ka bayyana ya fi kama da wanda likitoci ke kira anjaina. Kitse ne yake taruwa a jikin jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya da jini har su tsuke, saboda haka idan mutum yana zaune jinin yakan wadatar, amma da zarar ya motsa, zuciya ta nemi ƙari, sai ya gaza. Zafin olsa ya fi alaƙa da cin abinci ko yunwa, ba ruwansa da hawa bene. A kai shi wurin likitan zuciya cikin makon nan. Idan kuwa nauyin ya zo yana zaune, ko ya ƙi lafawa bayan ya huta, ko ya haɗu da gumi, amai ko ciwo a hannu da muƙamuƙi, to a garzaya da shi sashen gaggawa, ko da tsakar dare ne.

Alhaji Na-Allah:
Ɗana, ka ji maganar Hajiya Maman Hanifa. Shekarata biyar da wannan lalura. Gwajin ECG na farko, wato awon bugun zuciya da na'ura, bai nuna komai ba, domin a kwance nake, sai da aka sa ni tafiya a kan na'ura sannan aka gano. Yanzu ƙwayar nitroglycerin, mai buɗe jijiyoyin jini, ba ta barin aljihun rigata. Idan abin ya taso nakan zauna tukuna, saboda tana sa jiri, sannan in saka ta ƙarƙashin harshe. Akwai magana mai nauyi da ba za ka iya yi wa mahaifinka ba, sai dai ka roƙi likita ya yi masa: haɗa wannan ƙwaya da maganin ƙarfin maza irin su Viagra yana iya faɗar da jini ƙasa warwas.