Sabuwar Sienna ko Odyssey? Ina neman shawara kafin in saki kuɗina

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gani. Sienna ta 2014 nake ja, babbar motar iyali ta Toyota, ta yi mini hidima iya hidima, amma shekaru sun ja, lokacin canji ya yi. Yarana huɗu, biyu har yanzu sai an ɗaura su a kujerar yara, ga mahaifiyata tana tare da mu, gwiwa na damunta. Na leƙa sabon samfurin da Toyota ta sake wa fasali tun daga na 2021, sai na tarar babu mai injin V6 (silinda shida) ko ɗaya, duk masu haɗa fetur da lantarki ne. Gaskiya gabana ya faɗi. In tsaya a gidan da na sani, ko in leƙa Odyssey ta Honda da Carnival ta Kia?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Ni sabuwar nake ja, kuma abin da ya ja ni shi ne mai. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun ba ta mil 36 a galan, wato kusan kilomita 15 a lita ɗaya. Odyssey mil 22 take yi, kilomita 9 da ɗan ɗoriya. Taka ta yanzu ma a nan wajen take. In zirga-zirgar cikin gari ce aikinka, kai yara makaranta, ɗauko su, tsayuwa a cunkoso, nan ne za ka ga bambancin da idonka, don a tsaye injin kashe kansa yake yi, esi kuwa na ci gaba da aiki da batir.

Alhaji Mai Tafiya: Hajiya, kin faɗi zaƙin kin ɓoye ɗacin. Injin lita 2.5 ne mai silinda huɗu, da shi da motocin lantarkin, wato injinan lantarkin da ke taya shi juya tayoyi, gaba ɗaya ƙarfin doki 245. Tsohuwar, daga 2017 zuwa 2020, 296 take da shi. Na tuƙa sabuwar sau ɗaya da mutum bakwai a ciki, da muka zo hawa tudu na taka totur, injin ya ɗauki kuka ya riƙe shi a wuri ɗaya kamar injin niƙa. Ta hau, ban ce ba ta hau ba, amma kunnen da ya saba da V6 sai ya ji wani iri. Odyssey tana da 280 da giya goma, kuma a kwana ta fi su duka bin umarnin sitiyari.

Maman Hanan: Alhaji, kai mai dogon zango ne, shi kuma mai yara huɗu. Sau nawa a wata zai cika mota ya hau tudu?

Malam Makanike: Ku bar ni in sa baki, tunda ni ake kawo wa su in sun yi gardama. Baban Khalifa, tsoron da kake ji na gane shi, amma wannan fasahar ba jiya aka haife ta ba. Tun 1997 Toyota ta fito da Prius mai haɗa fetur da lantarki a Japan, tsarin nan ne ake ta gogewa har yau. Kukan da Alhaji ya ji ba ciwo ba ne. Giyar ba ta da hawa-hawa, shi ya sa injin ke zuwa inda ƙarfinsa yake ya zauna, motar ta biyo shi. Kuma duk da ana kiranta CVT, babu bel a cikinta irin na ƙananan motocin da mutane ke gudu, haƙoran ƙarfe ne da motocin lantarki biyu. Ba ta da altaneta, ba ta da kik irin wanda ka sani, birki kuma yana daɗewa, don motar lantarkin ce ke fara rage gudu tana mayar da wutar cikin batir.

Abu biyu nake gaya wa duk mai irinta. Na ɗaya, batirin yana ƙarƙashin kujerun gaba kuma iska ke sanyaya shi, to kada a bar leda ko kayan yara su toshe ƙofar iskar. Na biyu, baƙin mai siriri take sha, 0W-16, kada wani ya zuba mata mai kauri wai don ya fi riƙe inji. Odyssey kuwa injinta tsohon hannu ne, na yarda da shi, sai dai bel ne ke riƙe da taimin ɗinsa, wajen mil 100,000 dole a canza, aiki ne mai cin yini. Na Sienna sarƙa ce.

Baban Khalifa: Allah Ya saka da alheri, Malam. To batirin fa in ya mutu?

Malam Makanike: A Amurka garantinsa shekara 10 ne ko mil 150,000 tun daga motocin 2020. In ta hannu za ka saya, ka sa a jona mata kwamfuta a duba lafiyar batirin kafin a yi maganar kuɗi, ka kuma tambaya ko garantin yana aiki a ƙasar da kake.

Anti Larai: Duk kun tafi kan inji, kun bar abin da zai dame shi kullum. Ƙanena, ka san kujerun tsakiyar sabuwar Sienna ba sa fita? A taka ta yanzu kana cire su ka loda katifa ko firji. A sabuwar an sa jakar iska a jikin kujerun, don haka ba a yi su don a cire ba, sai dai ka tura su gaba su manne da na direba. Ni wannan kaɗai ya hana ni saye, don sana'ata ta ɗaukar kaya ce a ƙarshen mako.

Baban Khalifa: Kai! Wannan ban sani ba, kuma mai sayarwar bai ko ambata ba.

Anti Larai: Ina zai ambata? Pacifica na ɗauka. Kujerunta na tsakiya da na baya duk naɗewa suke yi su shige cikin ƙasan motar, abin da Chrysler ke kira Stow 'n Go, tun motocin 2005 suke da shi. Ba ɗagawa, ba neman wurin ajiya, cikin ɗan lokaci ta zama motar kaya. Amma zan faɗa maka gaskiya, kujerar da aka yi don ta naɗe ba ta da kauri, babba in ya yi doguwar tafiya a kai zai ji a jikinsa. Kuma in ka ɗauki wadda ake yi wa caji, mai tafiyar kusan kilomita 50 da lantarki zalla, ka rasa wannan a layin tsakiya, don ramin da kujerun ke shiga nan batirin yake kwance.

Maman Hanan: To ai kin ba ni hujja, Anti. Wa zai zauna a tsakiyar? Mama mai ciwon gwiwa. A mai kujera bakwai, na tsakiyar suna zamewa baya har inci 25, fiye da santimita 60. Surukata in ta shiga miƙe ƙafa take yi, kafin mu fita unguwa ta yi barci.

Baban Amira: Yaya, ka ƙirga mutanenka tukuna. Kai da madam biyu, Mama uku, yara huɗu, bakwai cif. Mai kujera bakwai ta cika ke nan, ranar da aka ce a rage wa wani hanya babu wuri. Sannan ka tambayi kanka yadda manyan yaran za su wuce baya alhali kujerun ƙananan suna ɗaure a tsakiya. Nan Odyssey ta yi dabara. In ka cire 'yar kujerar tsakiya, sauran biyun suna zamewa gefe da gefe, ba gaba da baya kawai ba. Ka tura ɗaya ciki da kujerar jaririn a ɗaure, hanya ta buɗe ta bakin ƙofa. Ni tagwaye gare ni, wannan abin ya fi mini kowane alƙalamin mai. Suna kuma fita gaba ɗaya, sai dai nauyi, kada ka ce za ka ɗaga kai kaɗai.

Ɗan Autan Zaure: Ba wanda zai ambaci Carnival? Ita ce ta gaji Sedona a Amurka daga 2022, V6 mai ƙarfin doki 290, kuma bayan layi na uku ta fi su duka wurin kaya, fiye da lita 1,100, Sienna kuwa wajen 950. Daga 2025 ma akwai mai haɗa fetur da lantarki, injin 1.6 mai turbo. Ga kyau, in ka hango ta sai ka ce jif ce.

Anti Larai: Auta, kai kyau kake saye, mu masu iyali ƙofa muke saye.

Ɗan Autan Zaure: Ƙofarta ma ta ja ce, Anti, kamar sauran.

Malam Makanike: Yaron nan bai yi ƙarya ba a kan but ɗin. Sai dai a kula, mai manyan kujerun alfarma a tsakiya, waɗanda ke kwanciya, su ma ba sa fita. Ita da Odyssey kuma da ƙafar gaba kawai suke ja. Mai son ja da ƙafa huɗu saboda taɓo ko ƙanƙara, zaɓinsa Sienna ne ko Pacifica mai fetur. Na Sienna motar lantarki ce daban a baya, babu doguwar sandar da ke ratsa ƙasan mota.

Alhaji Mai Tafiya: Wani abin kuma, ka buɗe baya ka ga safaya da idonka. A sabuwar Sienna ba kowace ke zuwa da ita ba, wasu gam da famfo kawai za ka tarar. Na taɓa kwana a hanya da wata motar haya saboda wannan, gefen tayar ne ya yage, gam bai yi komai ba.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, jama'a. Kujerun nan, in na tuna da kyau, sau biyu na taɓa cire su a motata tun da na saye ta, don haka rashin fitarsu ba zai hana ni barci ba. Maganar Baban Amira ce ta tsaya mini a rai. Ranar Asabar zan je da kujerun yaran biyu da Mama, in ɗaura su a Sienna mai kujera takwas, in ɗaura a Odyssey, in sa Khalifa ya shiga baya ya fito, in ga kuma wace ce Mama za ta hau ba tare da an riƙe ta ba.

Maman Hanan: Ka tafi da keken jaririn ma, ka ga ko but zai rufu da layi na uku a miƙe.

Alhaji Mai Tafiya: Kuma ka ce su bar ka ka hau babban titi da kowa a ciki, ba zagayen fili ba. Ka taka totur sosai sau ɗaya, ka ji ko kunnenka zai ɗauka.