Fiyar Hass za ta yi a ƙasa mai zafi? Ina neman shawara kafin in sayi dashe

Sani_Lambu:
Assalamu alaikum manoma. Ina da fili hekta biyu da nake so in mayar lambun fiya, wadda wasu ke kira abokado. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in sa Hass, wai ita ce ake rububi a kasuwar duniya. To amma yankinmu kwari ne, bai kai mita 300 sama da teku ba, zafin bazara kan haura digiri 38. Gefe ɗaya na filin jigawa ne, ɗaya gefen laka ce da ruwa ke kwanciya in damina ta yi nisa. Ina da burtsatse. A bakin filin akwai wata tsohuwar fiya da ta tsiro daga ƙwallo, tana yin manyan 'ya'ya kore masu santsi, sai dai bana ta cika, baɗi 'yan ƙalilan. In sa Hass ɗin, ko akwai irin da ya fi ta bayarwa a wuri irin namu? Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne, ba na so in binne su.

Malam Idi:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Gara da ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin dashe. Fiya gida uku ce: ta Meziko, ta Guwatemala, da wadda ake kira ta Indiya ta Yamma. Biyun farko 'yan kan tudu ne masu son sanyi-sanyi, ta ukun ce 'yar kwari mai jure zafi da laima. Hass, wadda wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass ya shuka a Kalifoniya a 1926 ya kuma yi mata rajista a 1935, jinin Guwatemala ne ya fi yawa a jikinta. Dubi inda take yin kyau a ƙasashe masu zafi: Michoacán a Meziko, Murang'a a Kenya, Njombe a Tanzaniya, tsaunukan Kolombiya. Duk kan tudu ne, galibi sama da mita 1,000. A mita 300 da zafi irin wanda ka faɗa, itacen zai iya rayuwa har ya yi ganye shar, amma in zafi ya haura digiri 35 lokacin fure, furen zubewa yake yi, abin da ya kama kuma ya fito ƙanana. Ganye ba shi za ka kai kasuwa ba.

A wurinka ni zan nemi irin da aka fitar domin kwari, yawancinsu daga Fulorida: Pollock, Simmonds, Waldin, sai masu haɗin jini kamar Lula, Booth 7, Booth 8 da Choquette. A Jamhuriyar Dominika suna da Semil 34 da suke fitarwa waje. Mansu bai kai na Hass ba, wasunsu ba sa jure doguwar tafiya, amma suna cika, kuma manya ne. In ka haɗa mai saurin ƙosawa kamar Pollock da mai jinkiri kamar Choquette, za ka daɗe kana tsinka.

Tsohuwar bishiyar taka, da alama 'yar gidan Indiya ta Yamma ce. Kada ka sare ta. Ta riga ta nuna ta saba da ƙasarka, ƙwallayenta za su yi maka gindin da za a yi wa aure da reshen irin da kake so. Wadda aka yi wa aure kan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4. Ta ƙwallo zalla tana iya cin shekara 7 ko fiye, kuma ba lallai ta gado uwarta ba.

Hajiya Rabi:
Malam Idi ya gama magana a kan iri. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne lakar nan da ka ambata, ɗana. Don Allah kada ka sa ko ƙwaya ɗaya a can. Na taɓa ganin lambun da ruwa ya kwanta wa kwana biyu kacal, bayan 'yan makonni ganye ya yi ɗorawa, ya ƙanƙance, rassa suka fara bushewa daga sama. Da aka tona, saiwar da ya kamata a gani fara mai laushi ta koma baƙa, kana taɓawa tana karyewa. Cutar ruɓewar saiwa ce, Phytophthora, kuma ita ce babbar mai kashe fiya a duniya. Saiwar fiya a sama-sama take, yawancinta ba ta wuce santimita 60, numfashi take so.

Ko a jigawar ma ka gwada. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, ka cika shi da ruwa da yamma. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa, wurin bai yi ba. Inda ya yi, ka tara ƙasa ta yi tudu kamar rabin mita ka dasa a kai, gaɓar auren tana sama da ƙasa. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri a kewaye, amma kada ta taɓa jikin itacen. Ka shafa wa kututturen farar ƙasa, domin rana tana ƙona ɓawon ƙaramar fiya har ya tsage. Kuma ka kai ruwan burtsatsen a auna. In zartsi ne, za ka ga bakin ganye yana ƙonewa.

Sani_Lambu:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Lakar zan bar ta ga wani amfanin. Amma maganar cika bana, rashi baɗi fa? Kuma wani ya ce mini dole in sa namiji da mace. Gaskiya ne?

Bala Mai Zuma:
Babu namiji babu mace, Malam Sani, kowane fure yana da duka biyun, sai dai ba sa aiki lokaci guda. Fure yana buɗewa sau biyu. A rukunin A, yau da safe yana buɗewa a matsayin mace, ya rufe, gobe da rana ya sake buɗewa a matsayin namiji, yana sakin garin fure. Rukunin B akasin haka ne, mace da rana, gari washegari da safe. In ka cakuɗa su, lokacin da wannan ke jiran gari wancan yana saki. Hass, Lula, Simmonds, Waldin da Choquette A ne. Fuerte, Pollock, Booth 7 da Booth 8 B ne. Layi ɗaya na B a tsakanin 'yan layukan A ya isa, sai ka ajiye amya kusa domin ƙudan zuma su riƙa kai garin daga fure zuwa fure, kuma ka daina feshin maganin ƙwari sa'ad da ake fure. Babbar bishiya tana iya fitar da fure kusan miliyan, wanda ke zama ɗa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, don haka in ka ga suna zuba kada hankalinka ya tashi.

Amma Malam Idi, ni ban so a kore masa Hass gaba ɗaya ba. Ya sa kamar guda goma a inda ya fi iska, ya ga abin da za su yi.

Malam Idi:
Goma ba laifi, Bala, muddin ba da su zai yi lissafin riba ba. Game da tsallake shekara, halin fiya ne. 'Ya'yanta mai ne, itacen yana gajiya in ya yi ɗauka mai nauyi. Ba a raba ta da halin, ana dai rage shi: a shekarar cika ka tsinke da wuri, ka ƙara taki, kada ka bar ta da ƙishirwa daga fure har 'ya'ya su kai girman ƙwai. Kuma ka sani fiya ba ta nuna a kan itace. Ka ciro 'yan kaɗan ka ajiye a inuwa, in sun yi laushi cikin kwana 7 zuwa 10 ba tare da sun yamutse ba, sun ƙosa. Waɗannan irin na kwari manyan itatuwa ne, ka ba su mita 8 kowane gefe, wato kusan 156 a hekta. Kafin ka biya mai rainon dashe, ka ce ya nuna maka uwar da ya yanko reshen, ka kuma zare ɗaya daga leda ka duba saiwar da idonka.