Neman kalma: shagon da ake buɗewa na makonni kaɗan a ginin da ba kowa

Mafassari:
Assalamu alaikum. Kalmomi uku ne ke zuwa tare a labaran biranen Ingila duk ƙarshen shekara: Christmas market, pop-up shop, da meanwhile use. Ga misali a Birmingham, kasuwar da aka aro daga birnin Frankfurt na Jamus tana ci a Victoria Square da New Street kusan duk shekara tun 2001, daga farkon Nuwamba har jajibirin Kirsimeti. Rumfunan suna waje, amma a irin wannan lokaci akan buɗe wasu shagunan da suka daɗe a kulle, a yi ciniki na makonni, a sake rufewa. Masu fassara da yawa suna rubuta "shagon wucin-gadi" ga kalma ta biyu da ta uku duka. Ya wadatar, ko akwai wadda ta fi?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Mu fara sallamar ta farko. Kasuwar Kirsimeti ce, ba sai an wahala ba. Kada dai a ce baje-koli, domin a baje-koli kamfanoni ne ke nuna samfur suna neman abokan hulɗa, nan kuwa abinci ne da kayan ado da tsaraba. Ta asali ta fi kusa da kasuwar jajibiri: ta birnin Dresden na Jamus da aka ba izini a 1434 yini guda take ci, don mutane su sayi naman biki. Yanzu da ake shafe wata guda ko fiye, jajibiri ba ta ɗauke ta. Ɗakunan katakon kuma rumfuna ne. A rubuta "kasuwar tana ci", kamar yadda ake faɗa wa kowace kasuwa mai ranarta.

Dillalin Gidaje:
Malam, a kan biyun da suka rage, wucin-gadi ba kuskure ba ce, sai dai tana haɗe abu biyu da suka bambanta. Pop-up magana ce ta ɗan kasuwa: ya ga lokacin ciniki, ya shiga, ya san ranar fita tun ranar shiga. Meanwhile use magana ce ta ginin: mai shi yana jiran babban ɗan haya, ko izinin rushewa, ko kuɗin gyara, sai ya ba wani ya zauna kafin nan. Wanda ya zauna ɗin ba lallai ya zama mai sayarwa ba. Yana iya zama ɗakin koyar da sana'a, ko wurin nuna zane, ko ofishin ƙungiyar agaji.

Abin da ke tura mai gini shi ne harajin gine-ginen kasuwanci. Shagon da ya zama ba kowa ana yafe masa wata uku, daga nan mai shi ya biya cikakke ko da ba ya samun sisi. A da, idan wani ya zauna a ciki mako shida, lissafin yafewar sai ya koma farko. Shagon Kirsimeti ya dace da wannan daidai wa daida: a shiga Nuwamba, a fita ƙarshen Disamba, mai gini ya ƙara samun wata uku kyauta. Daga 1 ga Afrilu 2024 aka mayar da mako shidan mako goma sha uku. Saboda haka zaman mako bakwai ko takwas ba ya sabunta yafewar yanzu, abin da kawai mai gini ke ci shi ne harajin makonnin ya koma wuyan ɗan haya. Ƙungiyar agaji kuma ana rage mata kashi 80 cikin 100, shi ya sa suka yi yawa a irin waɗannan wurare.

Hajiya Mai Kanti:
To ga shawara: shagon cin-rani. Mutum ya zo don kakar ciniki, ta wuce ya tattara.

Malamin Hausa:
Hajiya, ma'anar ta zauna, amma gidajen rediyo sun riga mu. Yau in aka ce 'yan ci-rani, masu tsallaka teku zuwa Turai ake nufi. Mai karatu zai ɗauka shagon baƙin haure ne. Haka "shagon zango" da wani zai iya kawowa daga yada zango: ɗan Kumasi ko Accra zai karanta shi a matsayin shagon da ke unguwar Zango. "Shagon kwana-kwana" kuma ya faɗa hannun masu kashe gobara.

Abin da ya bambanta wannan shago da kowane shago shi ne wa'adinsa a yanke yake. Don haka ga pop-up shop ina ganin shagon wa'adi. Gajere ne, yana jam'i ba gargada, shagunan wa'adi, kuma yana karɓar 'yan'uwansa: gidan abinci na wa'adi, asibitin wa'adi.

Dillalin Gidaje:
Wa'adi ta yi, kuma ta dace da takarda. A ƙarƙashin dokar haya ta 1954, ɗan kasuwar da ya samu cikakkiyar haya yana da haƙƙin a sabunta masa in ta ƙare. Hayar da ba ta wuce wata shida ba galibi ba ta shiga wannan kariya, shi ya sa ake ba masu shagon Kirsimeti gajeriyar haya ko takardar izinin zama kawai. Inda ake yin ɓarna shi ne a bar mutum ya ci gaba da zama bayan ranar da aka rubuta, ana karɓar kuɗinsa ba sabuwar takarda. In ya daɗe a haka, yana iya samun haƙƙin da ba a yi niyyar ba shi ba.

Ga ɗaya kalmar kuwa, wato meanwhile use, muna da ita a harshe tuntuni: riƙon ƙwarya. Mai riƙon ƙwarya ba shi ne mai kujera ba, yana riƙe ta ne har mai ita ya zo. Hayar riƙon ƙwarya, ko a ce an ba da ginin riƙon ƙwarya.

Injiniyan Gini:
Ranka ya daɗe, na yarda, kuma riƙon ƙwarya ta fi wucin-gadi da abu guda: tana nuna cewa mai zaman yana yi wa ginin aiki. Ginin da aka kulle shekara guda a sanyin Ingila yana lalacewa a ɓoye. Bututu ya daskare ya fashe, danshi ya ci bango, ganye ya toshe indararo ruwa ya koma rufi.

Kafin a buɗe ko na mako shida ne, ga abin da ake bi. Mai aikin lantarki ya duba wayoyi ya ba da takardar shaida, domin tsohon ɗan haya kan cire fitilu ya bar wayoyi tsirara. A zuƙe ruwan da ya kwanta a bututu a wanke, saboda ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwan da ba ya motsi. A gwada ƙararrawar gobara da fitilun gaggawa, a tabbatar ƙofar baya tana buɗuwa, don sau da yawa an garƙame ta saboda ɓarayi. Ginin da aka yi kafin 2000 a nemi rahoton asbestos, wani tsohon kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a huda bango a rataya kanta. A sanar da kamfanin inshora, domin sharuɗɗan ginin da ba kowa daban suke da na wanda jama'a ke shiga. Mai sayar da abinci kuma ya yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ya fara. Wanda ya tuna da wannan a tsakiyar Nuwamba ya rasa rabin kasuwar.

Sai kuma a kiyaye kalmar kango. Kango gini ne da ya lalace ko ba a ƙarasa ba. Yawancin waɗannan lafiyarsu ƙalau, ɗan haya ne babu. A ce shagon da ba kowa.

Mafassari:
Saura guda. Debenhams, babban kantin Ingila mai rassa da yawa, ya rufe sauran rassansa a Mayu 2021. Na Gloucester jami'ar Gloucestershire ta saya ta mayar da shi wurin karatu, na Wandsworth a Landan ya koma wurin wasanni har da tseren ƙananan motoci. Wannan ma riƙon ƙwarya ne?

Injiniyan Gini:
A'a, wannan sauya wa gini aiki ne, ba a jiran kowa. Kuma shi ne mai tsada. Manyan kantuna suna da zurfi ƙwarai, tsakiyarsu ba ta ganin rana, sai an fasa bene an buɗe tsakar gida kafin a yi ajujuwa ko ɗakunan kwana. Tun Satumba 2020 doka ta haɗa shago da ofis da gidan abinci da wurin motsa jiki da asibitin unguwa a rukuni ɗaya, ana sauyawa tsakaninsu ba neman izinin tsara gari. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙananan shaguna sosai, amma bai rage wa mai bene biyar kuɗin fasa kankare ba.

Dillalin Gidaje:
Akwai wanda ke tsakani, a lura da shi. Daga Disamba 2024 ƙananan hukumomin Ingila suna da ikon yin gwanjon hayar shagon da ya wuce kwana 365 ba kowa cikin shekara biyu, hayar ta kama daga shekara ɗaya zuwa biyar, ko da mai shi bai so ba. Wannan gwanjon haya ne. Kada a sa masa riƙon ƙwarya, domin ba mai gini ne ya miƙa ƙwaryar ba.

Hajiya Mai Kanti:
Na janye cin-rani. Amma rumfar da ke tsakiyar fili ita ma tana da wa'adi. Ba za a rikita su ba?

Malamin Hausa:
Ba za a rikita ba, Hajiya, tunda waccan rumfa ce wannan shago. Malam Mafassari, jimlarka za ta zama: "Yayin da kasuwar Kirsimeti ke ci, an buɗe shagunan wa'adi a gine-ginen da ba kowa, wasu kuma an ba da su riƙon ƙwarya har zuwa baɗi." A karon farko a ƙara rabin layi na bayani, cewa shago ne da aka yanke ranar rufe shi tun kafin a buɗe.