Ranar farko a ɗakin duba mata: abin da aka tattauna

Hirar matan wani ƙauye kusa da Ringim ta fi tsayawa kan kunyar zuwa asibiti a duba gaban mace. Shawarar iyaye mata ita ce ki nemi ma'aikaciya mace, kuma ki tafi da yayarki in kina so. Za a tambaye ki ranar da kika ga al'ada ta ƙarshe, don haka ki riƙe ta. Ki yi fitsari kafin ki hau gado. Matsi da turare a gaba kuwa, a bar su kwana biyu kafin zuwa, suna ɓoye abin da ake nema. Ƙarfen da ake sakawa don ganin bakin mahaifa yana da sanyi, ya ɗan takura, amma mintuna kaɗan ne. In da zafi ki faɗa, za a dakata. Budurwa galibi ba a saka mata shi.