Musayar Baitoci: Molon Misra da Kurin Bagobiri

Bagobiri: Na ga hoton molon mawaƙi Harmose na zamanin Sarauniya Hatshefsut ta tsohuwar Misra. Ya kusa shekara 3,500, yana ajiye a Alƙahira. Na buɗe fage:

Molon Harmose tsirkiyarsa uku ce,
Ƙoƙon itace, an rufe bakin da fata.
Gobir daga Misra muka yo asali,
Mu muka zo da shi, wa zai musanta?

Bakatsiniya:
Yaya Bagobiri, ja da baya ka huta,
Molo a Misra ma baƙo ne, ka karanta.
Daga Asiya ya shigo a daula ta 18,
Benet, abin kiɗa mai siffar baka, ita ce uwar ɗaki,
Tun ana ginin dala ake kaɗa ta.

Ɗan Damagaram: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Katsina ɗakin kara, kin rufe masa baki.

Bagobiri:
Baƙo in ya daɗe ya zama ɗan gari,
Daga ganin benet a takarda sai alfahari?
Duba zanen kabarin Nakht, mata uku makaɗa,
Mai molo aka sa a tsakiyar jeri.

Malam Na-Zazzau: 'Yata Bakatsiniya, lamba ba ta zama a ɗango. Ki rera "goma sha takwas" ki ji, karin ya karye. Ki gyara.

Ɗan Damagaram: Gafarta Malam, ba ka ga Bagobiri ya gudu daga "-ta" ya faɗa "-ri" ba? Sai ita?

Malam Na-Zazzau: Sauya amsa-amo a martani ba aibi ba ne. Gurgun ɗango shi ne aibi.

Ɗan Damagaram: Ai ɗangonsa na biyu ma ɗingishi yake.

Ɗan Maiwurno: Salamu alaikum daga Sudan, kwana biyu ban leƙo ba.

Kuna ta faɗa kun bar ta uku a baya,
Mai hannu biyu da gicciyen sanda, ta sha tsirkiya.
A zanen kabari a Beni Hasan ta Misra wani baƙo ke riƙe da ita,
Irinta tambura na kuka har yau a Nubiya.

Bagobiri: Madalla, ɗan'uwa. Bakatsiniya, har yanzu ina jiran amsar jeri.

Bakatsiniya: Na ji gyara, Malam, Allah ya saka. Kai kuma riƙe:

Zama a tsakiya ba shi ne sarauta ba,
Je kabarin Fir'auna Ramsis na uku ka sha kallo.
Makaɗa biyu tsaye, benet ta kai tsayinsu,
Gaban wannan wa zai tuna da wani molo?