Yadda za a gano waƙoƙin The Beatles da ba su yi tashe ba

Shawarar da masana waƙoƙin wannan ƙungiyar mawaƙa ta Ingila suka fi jaddadawa ita ce a fara da bayan faifai. A shekarun 1960 ƙaramin faifan garmaho waƙa biyu yake ɗauka, fitacciyar a gaba, ɗayar a baya, kuma da yawansu ba sa shiga kundin Ingila. "Rain" ta 1966, wadda ke bayan "Paperback Writer", misali ce. Kundin Past Masters na 1988 ya tattara irinsu, don haka shi za a fara nema.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bugun Amurka. A shekarun 1960 kamfanin Capitol, mai fitar da kundayen a Amurka, yakan rage waƙoƙi: kundin Revolver na Ingila waƙa 14 ne, na Amurka 11. A duba jerin kafin a saya. Haka kuma sautin sitiriyo na kundayen farko yakan ware murya a kunne ɗaya, kiɗa a ɗayan, to mai sa abin sauraro ɗaya a kunne rabin waƙa kawai zai ji. Maganin wannan shi ne bugun mono, mai haɗa murya da kiɗa wuri ɗaya, wanda aka sake fitarwa a 2009.

Wasu sun ce a bi waƙoƙin George Harrison, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, kamar "Long, Long, Long" a kundin 1968 mai waƙa 30 da ake kira White Album. Muryarsa ƙasa-ƙasa take a nan, sai an ƙara sauti. Kundin Anthology kuwa a bar shi sai kunne ya saba, domin yawancinsa gwaje-gwajen situdiyo ne.