Muhawara kan yadda jam'iyyu ke ba da sunayen alƙalan zaɓe a gundumomin Amurka

Mai koke daga Texas: Jama'a, raina a ɓace yake. Na nemi aikin alƙalin zaɓe a rumfarmu, aka ce sai shugaban jam'iyya na gunduma ya sa sunana cikin jerin da yake miƙa wa majalisar kwamishinonin gunduma. A dokar Texas, jam'iyyar da ta fi ƙuri'a a rumfar a zaɓen gwamna na baya ita ke ba da babban alƙali, ta biyu kuma ta ba da mataimakinsa. Ina adalci idan ɗan jam'iyya ne alƙali?

Hajiya daga Chicago: Malam, kalmar alƙali ce ta ruɗe ka. Wannan mutum ba shari'a yake yi ba, aikinsa ya buɗe rumfa, ya duba sunayen masu zaɓe, ya rufe idan lokaci ya cika. A nan Illinois mutum biyar ake sawa, uku daga jam'iyya ɗaya, biyu daga ɗayar, don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido.

Wani malamin Arabiyya: Hajiya, ki gafarce ni, amma alƙali daga alƙadi aka samo shi, wato mai yanke hukunci, saboda haka bai kamata a kira ma'aikacin rumfa da wannan suna mai nauyi ba.

Hajiya: To Malam, alƙalin wasan ƙwallo fa, a wace kotu yake zama?

Wani matashi daga Kaduna: Ni dai na fi yarda da tsarinmu, inda INEC ke ɗaukar masu yi wa ƙasa hidima su shugabanci rumfuna, jam'iyyu kuwa wakilai kawai suke turawa.

Malamin Arabiyya: Ɗana, wanda ya ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, lokacin da aka kashe masu hidimar ƙasa a Bauchi, ba zai yi saurin yabon wannan tsari ba.

Matashi: Baba, laifin 'yan daba ne, ba laifin tsari ba.

Mai koke: Har yanzu ba wanda ya amsa mini tambayata.

Shugaban zaure: Na rufe zancen. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda Hajiya ce ke da gaskiya, domin alƙalin rumfa ba alƙalin kotu ba ne, kuma tsarin Illinois ya fi kowanne.